Maƙesun Kwarin Adama

Wurno, 9 ga Yuli, 2022

Zuwa ga taubashina Zaharaddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Rahinatu da yara, da sanyin Jos da ya riƙe ka shekara huɗu bai bar ka ka leƙo gida ba. Mu nan sai godiya. Uwargida Safara'u tana fama da gwiwarta kamar kullum, ni kuma ido ya fara neman tabarau na biyu bisa na farko. Ruwa ya zauna, gero ya yi kyau har Marnona.

Mainasara direban tafarnuwa ya kawo mini takardarka. Sai da na karanta ta sau biyu don in tabbata kai ne. Shekara nawa kana kirana malamin ƙwari a gaban jama'a, yau ga ka da digiri biyu, kana neman na uku, kana roƙon malamin sakandare ya koya maka maƙesu, ƙwarin nan masu kunna wuta da dare. Kakata Adama da kakanka Alhaji Iliyasu ciki ɗaya sunka fito, don haka al'ada ta ba ni damar in yi maka dariya kafin in ba ka amsa. Na yi, har Safara'u ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ka ce in turo maka ta waya. Ba zan yi ba. Abin da mutum ya yi damina goma sha ɗaya yana kallo ba a cusa shi tsakanin hoton biki da tallar maganin basir.

Mutane suna cewa maƙesu, kamar abu ɗaya ne. A ƙasar nan tamu, daga Rara har bakin madatsar Goronyo, ni uku na sani, kuma da abu uku nake rarrabe su: kamar jikinsu, inda suke zama, da yadda suke kunna wutarsu.

Na farko shi ne wanda kowa ya sani. Bai fi ƙwayar shinkafa ba, bayansa ruwan ɗorawa, bakin fiffikensa baƙi, kansa a waje kana ganin idanunsa. Yana tashi sama, bisa gonar shinkafa da kewayen itatuwa, da an sallame magariba. Wutarsa rawaya ce, yana ƙyafta ta ba hutu ba tsari, kamar mai magana ba ya jiran amsa. Ka san irin mutanen, akwai su a danginku.

Na biyu ya fi girma, launinsa na ƙasa, kuma ba za ka ga kansa ba, don yana da wata garkuwa da ta rufe shi kamar malafa. Ba ya son ruwa sosai, a gefen tudu yake, cikin tofa. Shi ba ya ƙyaftawa. Macen ba ta da fiffike ko kaɗan, kamar tsutsa take, tana zaune da koriyar wuta a kunne shiru. Manoma kan ce idon maciji ne, su bi ta da sanda.

Na uku kuwa ban same shi a ko ɗaya cikin littattafaina ba, kuma ka san ba kaɗan gare ni ba. Wuri ɗaya tak na taɓa ganinsa. Wanga sai ka tambaya da ladabi, ka kuma daina rubuta mini "me" maimakon "mi" kamar ba a Rabah anka yanke maka cibi ba.

Safara'u tana gaida Rahinatu.

Taubashinka,
Maigandi

*

Jos, 24 ga Yuli, 2022

Malam Maigandi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi mura ta warke. Allah Ya ba Safara'u sauƙin gwiwa. Ka gaya mata man zafin da na aiko ta Mainasara safe da yamma ake shafawa.

Ladabi kuma? Ka manta lissafi, Malam. Ni jikan namiji ne, kai jikan mace. Tun kafin a haife mu aka gama shari'ar: kai bawana ne, kuma abin da ke hannun bawa na ubangidansa ne. To amma tunda tsufa ya fara kama ka, na durƙusa.

Bari in faɗa maka gaskiya. Biyun farko na gane su daga bayaninka, akwai irinsu a ɗakin ajiyarmu. Na ukun ne ya hana ni barci. Shekara uku ke nan ina wannan karatu, kuma babban malamina ya gaya mini ƙarara cewa abin da na tara bai isa ya fitar da ni ba. Idan akwai maƙesun da ba a taɓa rubuta shi ba a ƙasarmu, to shi ne mafitata.

Ka ba ni komai. Girmansa, launinsa, gaɓa nawa ke haske a cikinsa, a wane wata yake fitowa, da wane lokaci. Yaya namiji yake yi, yaya mace take amsawa? Sannan ina ne wurin? Kada ka ce mini "can wajen gulbi," na san halinka.

Ina so in zo kafin damina ta ƙare.

Ubangidanka,
Zaharaddeen

*

Wurno, 6 ga Agusta, 2022

Zuwa ga ubangidan da ba ya ciyar da bawansa,

Bayan sallama, muna lafiya. Man zafi ya iso, Safara'u ta ce ya yi mata amfani, ta kuma ce in daina zaginka na mako ɗaya. Makon ya cika jiya.

Wurin ka san shi, sai dai ka manta. Kwarin Adama ne, ɗan yankin fadamar nan da kakata ta gada, wanda ya faɗo hannuna don ba wanda ya so shi. Ruwa yana tsatsowa daga ƙasa a nan, ba ya noman kirki, kuma ban taɓa bari an yi feshi a ciki ba. Akwai itatuwan giyayya uku a bakinsa. Duk faɗinsa bai fi filin ƙwallon makarantarmu ba. Ƙasarsa cike take da ƙananan dodon koɗi, su ne abincin 'ya'yan maƙesun tun suna tsutsa. Na duba fadamu da yawa masu kama da shi, har wajen Dinawa. Babu.

Namijin ya ɗan fi na farko tsawo. Baƙi ne wuluk, sai wuyansa ja kamar gauta, da ɗigo baƙi ɗaya a tsakiya. Gaɓa biyu na ƙarshen cikinsa ke haske. Ba ya tashi sama, daidai gwiwar mutum yake bi, a hankali. Ba ya fitowa da magariba tare da gayyar na farko, sai sun gaji sun lafa, wajen kiran isha'i, kuma bai fi sa'a ɗaya yake yi ba. Daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Satumba, shi ke nan shekararsa.

Wutarsa kore ce mai haske. Yana ƙyaftawa sau biyu a jere, sannan ya yi duhu. Ni ba ni da agogon da kuke aunawa da shi, da tasbihi nake awo. Duhunsa tsawon "subhanallahi" biyu ne, ba gaggawa. Macen fiffikenta guntu ne, ba ta tashi, tana manne da ciyawa kusa da laka, kuma gaɓa ɗaya ke haske a jikinta. Ba ta kunnawa sai an yi mata magana. In ya ƙyafta biyunsa, sai ta jira "subhanallahi" ɗaya, sannan ta ba shi haske ɗaya mai ɗan tsawo. Da ya gani sai ya juyo ya sauko.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. In ka ɗaure bakin ƙaramar tocila da koren ƙyalle ninki biyu, ka sa ta ƙasa cikin ciyawa, ka amsa masa a daidai wannan tazara, zai sauko har bisa hannunka. In ka yi gaggawa ko ka makara, ko kallonka ba zai yi ba. Na farko da na biyu ba su kula wannan kira. Da shi nake tabbatarwa ba tare da na bi ƙwaro da gudu cikin laka ba. Damina uku na yi kafin in gano tazarar. Nakan kira ɗaya ko biyu, in duba su, in sake su.

A daren da sunka fi yawa bara na ƙirga ɗari biyu da 'yan kai, sannan lissafi ya ɓace mini.

To ga shi, na zube maka taskata. Tunda ka ce abin bawa na ubangidansa ne, sai ka zo da buhu ka kwashe su duka, ka kai wa babban malaminka ya yi miya. Ka dai zo. Zan so in zauna gindin giyayyar nan da wanda ba zai tambaye ni mi ake samu a ciki ba.

Taubashinka,
Maigandi

*

Wurno, 21 ga Agusta, 2022

Zaharaddeen,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Allah Ya sa ku ma haka. Shiru ban ji daga gare ka ba, ko hanya ce ta lalace, ko kuwa kana can kana koyon tasbihi.

Sun fara fitowa. Shekaranjiya na ga arba'in.

An kira ni Sakkwato aikin duba takardun jarrabawa, daga 29 ga watan nan har 10 ga Satumba. Kada ka zo cikin kwanakin nan, ba ni nan. Ka zo ranar 11 ko 12, za ka tarar da su, in Allah Ya so. Ina so in kasance tare da kai, don akwai inda ake takawa a kwarin da inda ba a takawa, matan da ƙwansu duk a ƙasa suke. Kuma in za ka ɗauka, mu yi magana tukuna. Uku ko huɗu sun ishe ka nazari. Wannan ba wasan taubashi ba ne.

Mainasara zai tashi jibi, ya ce hannu da hannu zai ba ka.

Maigandi

*

Wurno, 14 ga Satumba, 2022

Zaharaddeen,

Assalamu alaikum. Na dawo daga Sakkwato lafiya, na tarar da gida lafiya. Safara'u ta ce ka yi ƙiba. Ta ce ka ci tuwon shinkafa da kifin Goronyo har ka nemi ƙari, haka ma abokan aikinka uku. Madalla. Ba a taɓa cewa baƙo ya kwana da yunwa a gidana ba, ko da mai gidan ba ya nan.

Ta ce ranar 31 kunka iso da farar mota. Ta gaya maka na yi tafiya, ka ce ba komai, ai ka zo karɓar kayanka ne. Ka fiddo wasiƙata ka karanta mata inda na ce ka zo da buhu, kunka yi dariya tare. Da na tambaye ta don mi ba ta kira ni ba, sai ta dube ni ta ce, "Malam, taubashinka na. In ya ɗauki rigarka bisa igiya, ni zan hana shi?"

Gaskiyarta.

Sauran labarin daga Kabiru na ji shi, mai gonar da ke maƙwabtaka da kwarin. Ya ce dare uku kunka yi. Tociloli huɗu, kowace da koren ƙyalle, kun jeru cikin ciyawa da takalman roba, kowa da ragarsa da kwalabensa. Ya ce bai taɓa ganin abu irin wannan ba, ƙwari suna saukowa da kansu kamar an kira kaji ga tsaba. Da ya matso ya tambaya ko Malam ya san da wannan, ka ce masa fadamar kakarku ce, mai ita kuma bawanka ne. Ya yi dariya, ya koma gida. Shi ma ya san al'ada.

Na sauka kwarin washegarin dawowata, da rana. Ka san mashayar shanu a ƙarshen rani? Haka na same shi. Ciyawa ta kwanta cikin laka, dodon koɗi a farfashe ko'ina, har da sawun inda kunka ajiye janareta.

Na koma da isha'i na zauna gindin giyayya. Na farko suna nan suna haukansu a sama. Na ukun, na ga namiji biyu. Na jira har lokacinsu ya wuce, ban ƙara ganin ko ɗaya ba.

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ɗaga tocilata daidai gwiwa, na ƙyafta sau biyu irin na namiji. Daga gefen da ba ku taka ba, mata tara sunka amsa mini, kowace a kan tazararta, ba wadda ta yi kuskure. Tara suna jira, kuma wanda ya yi musu magana wani mai furfura ne da tocilar kasuwa. Na kashe ta. Ban san ana jin kunyar ƙwaro ba sai ran nan.

Ina da tambaya ɗaya, kuma ina so ka amsa ta ba da wasa ba. Wasiƙata ta 21 ga Agusta ta same ka kafin ka taso?

Nawa kunka ɗauka?

Tambaya biyu ke nan. Ka ga har lissafi ya gudu.

Maigandi

*

Jos, 20 ga Janairu, 2023

Malam,

Sallama. Ka yi haƙuri da jinkiri, aiki ne ya taso mini, sannan Rahinatu ta haihu, mun sami namiji. Uwa da ɗa suna lafiya. Na so ƙwarai a ce ka zo suna.

Na karanta takardarka, kuma wallahi na yi mamakin zafinta. Ni da kai ba mu saba haka ba. Kai da hannunka ka rubuta in zo in kwashe su duka. Na san da wasa a ciki, amma na ɗauka ko banza izini ne. Takardarka ta biyu kuwa sai da na dawo na gan ta. Motar ofis a waɗannan kwanaki kawai aka ba mu, ba ni na zaɓa ba.

Ka tambayi nawa. Ɗari uku da goma sha ɗaya, duk maza. Na san zai yi maka yawa a kunne, amma haka aikin yake. Ana bukatar a auna da yawa, a yanka wasu, a aika wasu waje. Ƙwaro kuma ba ya ƙarewa, Malam, kai ma ka karanta. Mace ɗaya tana zuba ƙwai masu yawa. Baɗi za ka gan su kamar ba a taɓa ba.

Ga albishir. An duba, kuma ga dukkan alamu ba a taɓa rubuta shi ba. Na roƙi babban malamina a sa masa sunanka, ya yarda. Sunan Maigandi zai shiga littafin da za a karanta bayan ni da kai mun mutu. Wane ubangida ya taɓa yi wa bawansa haka?

Saura abu ɗaya. Ba mu sami mace ko ɗaya ba, mun nema ba mu gani ba. Masu duba aikin sun ce sai an kawo mace, an kuma nuna cewa ita ce ta wannan namijin, tunda duk hujjarmu a kan kira da amsa take. Biyar sun isa. Kai kaɗai ka san inda suke maƙalewa. Zan zo a Agusta, wannan karon sai kana nan.

Haba taubashi. A bar fushi, ba a san mu da shi ba.

Zaharaddeen

*

Jos, 30 ga Yuli, 2023

Malam Maigandi,

Ina gaisuwa, ina gaida Safara'u. Wata shida ba amsa. Na kira wayarka, kullum Safara'u ke ɗauka ta ce ka fita. Kayan barka da kuka aiko sun iso, mun gode, amma ba ko layi ɗaya a ciki.

Malam, an ba ni zuwa Disamba. Idan ban kawo macen ba, aikin ba zai wuce ba, kuma ba za a ƙara mini lokaci ba. Shekara huɗu za su tafi a banza, ga iyali. Ba wasa nake ba yanzu. Ka faɗi ranar da zan zo, ni kaɗai, ba mota, ba kowa. Ko uku ne ka ba ni.

Don zumuncin Adama da Iliyasu.

Zaharaddeen

*

Wurno, 19 ga Satumba, 2023

Zuwa ga Zaharaddeen,

Assalamu alaikum. Allah Ya raya yaro, Ya ba Rahinatu lafiyar shayarwa. Mu nan lafiya. An yi wa Safara'u allura a gwiwa, tana takawa har kasuwa. Gero ya nuna, an fara yanka.

Na ƙi amsa maka ne sai lokacinsu ya wuce, don kada in rubuta abin da zuciya ta ba ni alhali ido bai gani ba. Yanzu ya gani. Dare talatin da ɗaya na yi a kwarin bana, ban tsallake ko ɗaya ba. Daren da sunka fi yawa na ga maza huɗu. Dare goma sha tara ban ga komai ba. Mata kuwa, ban kira su ba, na bar wa mazan aikinsu. Sau uku na ga an amsa daga cikin ciyawa.

Za ka ce ruwa ya yi yawa bara, ya kwanta bisa fadama ya kashe ƙwai. Mai yiwuwa ne, na yi wannan tunanin kafin kai. Ba ni da hujjar da zan kai gaban malamanka in ce kai kaɗai ne. Kuma ina da nawa laifin. Bakina ya saba da ba'a har ya rubuta abin da anka karanta wa matata a tsakar gidana. Wannan na ɗauka.

Amma na zauna da Mainasara bayan Sallah. Ban tambaye shi don in kama ka ba, hira ce ta kawo. Ya ce ranar 25 ga Agusta ya ba ka wasiƙar a ƙofar ofishinku, ka buɗe ta a gabansa, ka karanta, har ka tambaye shi ko ranar 29 Litinin ce. Ya tuna, don ka saya masa shayi da ƙwai.

Ashe ka san ba ni nan. Ka san na ce uku ko huɗu. Ka san na ce ba wasa ba ne. Ka zaɓi wasiƙar da ta yi maka daɗi ka sa a aljihu, ka bar ɗayar a Jos. Na daɗe ina karanta labarin mutanen da anka ci amanarsu, ina ganin wautarsu. Ban lura ba cewa duk da hannunsu sunka miƙa mabuɗi, suna murna sun sami wanda ya damu da abin da sunka damu da shi.

Wasan taubashi da munka gada, mutum yakan ɗauke maka riga ko takalmi a gabanka, kana gani, ka bi shi kuna dariya. Ban taɓa jin wanda ya jira sai taubashinsa ya yi tafiya ba.

Batun suna, na gode. Ka cire shi. Ba na so a kira su da sunan wanda ya nuna hanya.

Batun mace, ba zan ba ka ba. Ba biyar ba, ba uku ba, ba ɗaya ba. Na san abin da wannan zai jawo maka, na kwana ina juya shi, har Safara'u ta ce in tuna da jaririn. Na tuna da shi. Amma in uku ne sunka rage, ka ga ba ni da ukun da zan bayar. Na kewaye kwarin da ƙaya, na kuma gaya wa Kabiru cewa daga yau ko wa ya zo, ko da wace dariya ya zo, a kira ni. In kana so, ka rubuta abin da na gaya maka game da ita, ka ce wani ya gani. In malamanka ba su karɓi ganin ido ba, wannan tsakaninku ne.

Zumunci yana nan, ban yanke shi ba, ba ni da ikon yanke shi. Ka kawo Rahinatu da yaro mu gan su, kowane wata ka ga dama, har da Agusta. Za a yanka muku kaza. In ka kira ni bawanka a gaban mutane zan yi dariya yadda ya kamata. Sai dai ka taso da wuri, don da an yi la'asar zan raka ku tasha.

Ɗan'uwanka,
Maigandi